Akwatin Wufa a Motar Yaya

A layinmu ba wanda ke kiran yayana da sunansa. Sigina ake ce masa, domin ko a fili fetal zai juya mota, babu mutum babu akuya, sai ya kunna sigina tukuna. Ni dai Yaya nake ce masa. Shi ne babba a ɗakinmu, ni ce auta, kuma tun da na yi wayo a bayan sitiyari na san shi.

Tuƙinsa na farko motar wasu makaɗa ce, masu zuwa wasa manyan ɗakunan taro. Shi ke kwasar kayansu ya kai, ya jira a tashi. A nan kunnensa ya saba da irin sautin nan mai kauri, wanda ba a kunne kaɗai ake jinsa ba, har a ƙirji da tafin ƙafa. Shi kansa bai iya kaɗa komai ba, ko tafi ya yi sai nasa ya saɓa da na mutane, amma in ana hirar sauti sai ka ga ya gyara zama.

Da Baba ya rasu ya bar masa mu da Inna, sai ya rabu da makaɗa, don aikinsu yau akwai gobe babu. Ya kama tuƙin wani manajan kamfani. Motar manaja tana da sifikoki ko'ina, har cikin ƙofofi, amma mutumin ba ya son ƙara. Da Yaya ya kai hannu sai ya ji daga baya, "Kashe mana abin nan, waya zan yi." In kuma an isa ofis, a kashe inji a jira, ba a kunna rediyo kada batir ya sauka. Haka Yaya ya yi ta jira a ƙofar ofisoshi da bankuna da gidajen mutane, har furfura ta cinye masa kai, bayansa ya fara ranƙwafawa. Da wannan jiran ya yi mana makaranta, ya aurar da mu, ya tarbiyyantar da nasa 'ya'yan.

Da kamfani ya sallame shi, ya sayi tsohuwar ƙaramar mota mai guntun baya, irin wadda ƙofar but ɗinta ke ɗagawa sama har da gilashi. Ya ce yanzu zai huta. Muka ce Allah ya sa. Amma mota ɗaya a dangi ai ba ta mai ita ba ce. Da safe ya kwashi 'ya'yan maƙwabta ya kai makaranta, don da wannan ake cefane. Matarsa tana da shagon robobi da kwanuka a bakin kasuwa, shi ke ɗauko mata kaya daga wurin masu sari. Ga Inna, wadda ɓarin jikinta ya shanye, ana kai ta asibiti gashi a kai a kai, da kekenta mai naɗewa a but. Ni ma, da ke shagon ɗinkina bai da nisa da gidansa, nakan ce, "Yaya, in za ka wuce."

Ana haka babbar 'yarsa da mijinta suka zo masa da tsaraba. Akwati ne baƙi, an lulluɓe shi da kafet, girmansa ya kai babbar jakar matafiyi. A gabansa akwai sifika mai faɗin faranti, a gefenta wani rami zagayayye. Wufa masu sana'ar ke kiransa, shi ke fitar da kaurin kiɗa. Har da amfilifayarsa a kwali, na'urar da ke ƙara masa ƙarfi.

"Baba, ka daɗe kana yi wa mutane tuƙi shiru," in ji 'yar. "Yanzu motarka ce."

Yaya ya shafa kafet ɗin da tafin hannu. Ya dai ce, "Allah ya yi muku albarka," amma na ga hannun bai bar kan akwatin ba har suka tafi.

Washegari ya kai wa mai aikin wutar motoci da ake ce wa Mai Wayarin. Tsaransa ne, tun suna samari suka san juna. Rumfarsa ta kwano tana ƙarshen layin garejoji, wayoyi ja da baƙi na reto daga rufi, tsofaffin rediyon mota jibge a kan tebur, ko'ina warin dalma. Ya leƙa but ɗin, ya dubi akwatin, ya sake leƙa but ɗin.

"Sigina, wannan kaya ai ya fi motarka ƙiba."

"Zai shiga dai?"

"Shiga zai shiga. Zama ne magana. Ka ga, in kana son ka ji shi yadda ya kamata, sai a jingina bayansa da kujerar baya, fuskarsa na kallon ƙofar but. Sautin ya fita ya bugi ƙofa, ya dawo ya cika motar. In ka juya shi yana kallon kujera, katifar kujerar za ta shanye rabi. Kuma ramin nan na gefe numfashinsa ne, ba a toshe shi."

"To sa shi yadda ya kamata."

Mai Wayarin ya jawo waya mai kauri daga batir, ya sa mata fis, ya bi da ita ƙarƙashin kafet har baya. Ya ɗaure akwatin da ƙarafa a ƙasan but don kada ya yi yawo. Da aka kunna, lambar motar ta baya ta kama ɓari kamar mai jin sanyi, sai da ya cusa mata guntun roba ta yi shiru. Yaya ya shiga ya rufe ƙofa ya ɗaga gilasai. Mai Wayarin ya gaya mini daga baya cewa sai da ya ƙwanƙwasa masa gilashi, don ya tare wa wata mota hanya, kuma bai ma san ana yi masa ham ba.

Daɗin bai wuce wannan yinin ba. Ranar asibiti ta zo, aka naɗe keken Inna, aka kai but, ya ƙi shiga. Aka juya shi ta nan, aka juya ta can, ƙofa ta ƙi rufuwa. Ƙarshenta a kujerar baya aka sa shi, ni da ke rakiya na zauna a takure, tayar keken na dukan gwiwata har asibiti.

Ranar sari kuma matar Yaya ta tsaya riƙe da ƙugu tana kallon abin da ya rage na but.

"Baban yara, yanzu bokitaina a kaina zan ɗora?"

"Za a san yadda za a yi."

Aka cusa bokitai a gaban akwatin, aka jera kwanuka a kansa. Bokitan suka toshe ramin, sautin ya koma kamar mai magana da mura. Kwanukan kuwa suka samu abin yi. Duk bugun ganga sai su amsa gaba ɗaya, har mai babur da ke gefensu ya leƙo ya tambaya ko wani abu ya kwance a motar. Yaya ya miƙa hannu ya kashe.

Ya koma wurin Mai Wayarin. Aka kwance ƙarafan, aka sa wa wayar wani mahaɗi da za a iya zarewa da hannu, don in za a ɗauki kaya a sauke akwatin a gida. To amma wace rana ce ba a ɗaukar kaya? Da safe ya sauke, da rana ya mayar, da yamma wani ya kira ya sake saukewa. Akwatin nan ba shi da sauƙi, katako ne mai kauri ga maganaɗisu a ciki. Na sha ganinsa daga ƙofar shagona, ya rungumo shi yana tafiya da baya da baya, ya dire a zaure, ya daɗe dafe da ƙugu kafin ya miƙe. Kuma da ke yanzu ba a ɗaure yake ba, ranar da wani mai keke ya faɗo masa ya taka birki da ƙarfi, akwatin ya zame ya murƙushe bahon roba har guda nawa. Matarsa ba ta yi faɗa ba. Ta ɗaga fasassun ta duba, ta ajiye a gefe, ta ci gaba da jera sauran. Da ta yi faɗan ma da ya fi masa sauƙi.

Ya gwada kujerar baya, ya ɗaure shi da bel kamar fasinja. Wurin yaro ɗaya ya tafi ke nan, sauran suka matsu suna ta ƙorafi, kuma ba a yi nisa ba wani ya gano cewa tsakiyar sifikar tana lotsawa in an danna da yatsa. Inna ma da aka zaunar da ita kusa da shi ta ce, da bakinta da ya karkace, "Ɗan nan, haƙoran da suka rage mini kake so ka kakkaɓe?"

Ya tambayi Mai Wayarin ko za a tura shi ƙarƙashin kujerar direba.

"Ƙarƙashin kujera? Ko takalminka da ƙyar yake shiga. Akwai sirara da ake yi don wurin, amma ba wannan ba." Ya sosa ƙeya da sukundireba. Sai ya ɗaga kafet ɗin but, ya nuna ramin da safaya take kwance. "Ga wuri nan, in ka yarda. A fitar da taya, kafinta ya yi akwati daidai ramin, a mayar da sifikar ciki tana kallon sama, a rufe da katako mai huji-huji. But ɗinka ya dawo fili. Amma ni ban ce ka yi ba. Mota ba safaya, ka san sauran."

Yaya mutum ne da ko ƙofar gida zai je sai ya zagaya mota ya daddanna tayoyi. Ban taɓa zaton zai yarda ba. Amma ya gaji da ɗauka da saukewa, kuma ya ce ai duk zirga-zirgarsa cikin gari ce, ko'ina akwai masu faci. Aka yi. Safaya ta koma zaure ta jingina da bango. Keken Inna ya shiga, bokitai suka shiga, sauti na tasowa daga ƙarƙashinsu. Kwanuka dai ba su daina amsawa ba, amma an samu lafiya na ɗan lokaci.

Ranar da abin ya faru ina shago ina yanka wani yadi, wayata ta yi ƙara. Matar Yaya ce, ita ta raka Inna ranar.

"Auta, ki je zaure ki ɗauko tayar nan, ki samo abin hawa ki kawo mana. Muna kan sabon titi, bayan gada."

Likitan Inna ya tura su wani asibiti a wajen gari don a yi mata hoto, an ba su lokaci tun tuni. Wani ƙarfe ya yaga tayar baya, yagar da ba ta facuwa, a inda babu shago babu rumfa. Kafin in samo mai mota ya yarda ya ɗauke ni da taya, kafin mu kutsa cunkoso, rana ta take. Na tarar da su a gefen titi. An fito da Inna don motar ta zama tanda, an zaunar da ita a kekenta a 'yar inuwar wani allon talla, matar Yaya na yi mata fifita da murfin kwali. Manyan motoci na wucewa suna watsa musu iska mai zafi. Yaya ya riga ya ɗaga motar da jak, ya cire tayar, yana tsugune kusa da ita rigarsa ta jiƙe sharkaf.

Bai dube ni ba. Ya karɓi safayar ya ɗaura, ya ɗaɗɗaure notuna, ya sauke jak. Da muka isa asibitin an ce mai ɗaukar hoton ya tashi, sai wani jiƙon. A hanyar dawowa Inna ta ce a ba ta ruwa.

Da yammar nan ya kwance komai da hannunsa. Ya mayar da safaya raminta, ya mayar da sifikar cikin babban akwatinta, ya kai ɗakin kwanansu ya ajiye a gefen gado. Amfilifayar da wayoyin ya bar su a motar, ba abin da suke yi.

Akwatin ya daɗe a ɗakin. Aka fara ɗora masa kayan wanki, sai fitila, sai maganin Inna. Yaya ya ci gaba da zirga-zirgarsa, makaranta, kasuwa, asibiti, ko rediyon ma ya daina kunnawa. In 'yarsa ta kira ta tambayi wufa sai ya ce, "Yana nan lafiya." Ba ƙarya ya yi ba. Da ma shi ba mai yawan magana ba ne, amma yanzu in ya dawo sai ya zauna a motar a ƙofar gida, hannu a kan sitiyari, sai an aika a ce abinci na hucewa.

Wata rana matarsa ta shigo shagona ta zauna a kan benci, ta cire takalmi tana murza ɗan yatsan ƙafa.

"Na sake tuntuɓe da akwatin yayanki."

"Ki ce ya sayar mana."

"Na ce. Ya ce to. Kin san to ɗinsa." Ta yi ajiyar zuciya. "Auta, mutumin nan tun da na aure shi bai taɓa cewa ga abin da yake so ba. Ko riga sai na saya na ajiye masa. Abu ɗaya tak, shi ma mun rasa inda za mu sa masa. Ni ma fa na gaji, kada ki ga kamar daɗi nake ji. Bokitan nan su ke biyan maganin Inna. Amma tashi ki raka ni."

Muka tarar da Mai Wayarin yana cin abinci a kan murfin wata mota. Ta gaya masa abin da ya kawo mu. Ya ce ai ba zai iya cewa komai ba sai ya ga motar da duk abin da take ɗauka. Saboda haka ranar sari ta gaba ta sa Yaya ya biya ta garejin, but cike da kaya, har da keken Inna da ta ce a ɗauko.

"Me za mu yi a nan?" in ji Yaya.

"Kai dai tsaya."

Mai Wayarin ya sa aka sauke komai, aka sake lodawa yana kallo. Sai ya nuna wani lungu a gefen hagu, bayan tudun tayar baya, inda jikin motar ya ɗan shiga ciki. Nan matar Yaya ke cusa ƙananan kofuna da ludaya.

"Wannan lungun kaɗai ne ba mai shi," ya ce.

"Nawa ne," in ji ta. "Na bar masa. Kofunan na riƙe a cinya."

Ya juya wurin Yaya. "Sigina, tsakani da Allah zan gaya maka. Babban akwatin nan ba zai zauna a motarka ba, ka haƙura da shi. Kafinta zai yi ƙarami daidai lungun, rufaffe, babu ramin numfashi. A ɗaure shi da jikin mota, a sa wa fuskar raga ta ƙarfe saboda keke da bokiti. Ba zai girgiza unguwa ba. Amma zai fito a tsaftace, kuma da ke lungu ne, bangon zai ɗan taimaka masa. Kaurin sauti ai kunne ba ya gane ta inda ya fito, ko yana gefe za ka ji shi a tsakiya."

Yaya ya dubi lungun, ya dubi matarsa. "Duk wannan wahalar ta mece ce? A bar shi kawai."

"Baban yara, yatsun ƙafata sun ƙare. A sa shi."

Kafinta ya zo ya auna da kwali, ya yanka, ya sake aunawa, don lungun ba shi da kusurwa ko ɗaya da ta miƙe. Sai da ya yi ta kai da kawowa kafin akwatin ya zauna. Ranar da aka gama ina motar. Aka mayar da keke, aka mayar da bokitai, ƙofa ta rufu ba tare da an danna ba. Yaya ya kunna. Sautin ya taso a hankali ta bayan kujera, mai taushi, ba irin na ranar farko ba. Lambar mota ba ta motsa ba. Kwanuka suka ɗan yi gunaguni suka yi shiru.

"Yaya, ya ka ji?"

Ya ɗan ƙara murya, ya saurara, ya rage. "Ba laifi," ya ce. Can kuma ya ƙara, "Ya isa."

Tun daga ranar akwatin bai sake motsi ba. Yawanci labarai ne ke fita ta cikinsa, ko waƙoƙin yaran makaranta da suke nacin a sa musu. Nasa kiɗan sai in ya sauke kowa, a 'yar tazarar da ke tsakanin makaranta da kasuwa. Matarsa ta ce wani lokaci yakan bi doguwar hanya.

Inna ta rasu bayan damina ta biyu. Aka ba wata maƙwabciya kekenta. Da aka kwana biyu Yaya ya je garejin saboda fitilar gaba ɗaya ta mutu, ni kuma na bi shi don zai sauke ni wurin masu yadi. Mai Wayarin ya yi masa gaisuwar rasuwa. Sai ya ce, "Yanzu ai but ya samu fili. In kana so a dawo da babban, aikin yini ɗaya ne."

Yaya ya ce, "Babban yana shagon matata, ta cika shi da murafan roba."

"Sai a zazzage."

"Bar shi inda yake," in ji Yaya. "Bayana ba zai sake ɗaukar wani akwati ba. Kuma ta ƙaro kujerun roba a sarinta, har kan kujerar baya suke kaiwa. Duba mini fitilar dai."

Mai Wayarin ya buɗe gaban motar ya sunkuya. Yaya ya zauna a kan bencin rumfar, ya jingina kai da ginshiƙi, ya ce in an gama a tashe shi. Kafin a kwance murfin fitilar har ya fara minshari. Masu yadi sun kusa rufewa, amma na ce wa Mai Wayarin ya yi aikinsa a hankali, na nemi wuri na zauna.